Tagwaye masu kama ɗaya, amma ɗaya na da suga ɗaya babu, ya abin yake?

Ummu_Hanan:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin lafiya a gidan nan ku taimaka min. Yayyena Hassan da Usaini tagwaye ne irin masu kamar nan da ko mu 'yan gida sai mun duba tabon goshi muke bambance su, amma Yaya Hassan da ke aikin ofis a Abuja ya daɗe yana fama da ciwon suga, shi kuwa Yaya Usaini yana nan Jos yana harkar kayan gwari a Farin Gada, lafiyarsa lau. To ba an ce DNA ɗinsu ɗaya ba ne? Likita ya ambaci wani abu wai efijenetiks, ni dai ban gane komai ba.

Malam_Lab:
Wa'alaikissalam 'yar'uwa. DNA ɗin ɗaya ne kam, sai dai ba duka ƙwayoyin gado ke aiki a lokaci guda ba. Kamar gida biyu ne da aka ja musu wayar wuta iri ɗaya, amma kowa da makunnin da ya kunna. Akwai wani ɗan sinadari, metil, da ke maƙalewa a jikin DNA ya rage ko ya kashe aikin wata ƙwayar gado ba tare da ya canza rubutun ba, kuma abinci, taba, shekaru, duk suna taɓa wannan tsarin, wanda shi ne efijenetiks ɗin da likita ya ambata. A 2005 masu bincike a Sifen sun duba tagwaye, suka ga ƙanana alamomin metil ɗinsu kusan ɗaya, manya kuwa sun yi nisa da juna, musamman waɗanda suka rayu a rabe. Amma fa kar a ɗora komai a kan wannan, zaman kujera daga safe zuwa yamma da ƙiba su ma sun isa su kawo suga. Yaya Usaini ma ya riƙa gwaji, don shi ma yana cikin haɗarin kamuwa.

Hajiya_Rayfield:
Ni abin da ya fi ba ni mamaki na masu ciki ne. Yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945, yaran da aka ɗauki cikinsu a lokacin, bayan shekara 60 an tarar metil ɗin wata ƙwayar gadonsu mai suna IGF2, da ke da hannu a girman jiki, ya yi ƙasa da na 'yan'uwansu. A ƙauyukan Gambiya ma an ga bambancin metil tsakanin cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da na rani. Mu kuma nan mace sai ciki ya kai wata biyar take fara zuwa awo, hmm.

DanTerminus:
To malam kenan mai AS zai iya komawa AA in ya gyara cin abinci? Akwai wani mai maganin gargajiya da ke faɗin haka a lasifika, ni kuma maganar aure ce a gabana.

Malam_Lab:
A'a ɗan'uwa, ko kusa. Sikila a rubutun DNA ɗin kansa take, harafi ɗaya ne ya canza, babu zogale ko tsimin da zai goge shi. Inda maganar kunnawa da kashewa ta shigo shi ne haemogulobin (sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin) na jarirai, wanda jiki ke kashe shi bayan haihuwa, maganin hydroxyurea na ɗaga shi sai ciwon ya ragu. Amma AS dai AS ne. Ku je ku yi gwaji ku biyun kafin manya su shiga maganar.

DanTerminus:
Mun yi ai. Ita ma AS ce, shi ya sa nake ta kame-kame.