Peugeot 504 na tari ta kafireta bayan canjin wayoyin fulogi

Mai tambaya, Samaru: Salamu alaikum. Tsohuwar 504 ce mai kontak (ƴan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa cikin distiributa, mai raba wa fulogi wuta), haɗin Kaduna. An sa mata sabbin wayoyin fulogi, yanzu kikstata na juyawa amma ta ƙi tashi, sai tari ta kafireta. Daga ina za a fara?

Bakanike, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, an hargitsa wayoyin ne. Jerin wutarta 1-3-4-2 ne, kuma Peugeot daga ɓangaren giyabos take ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga lagireto ba. Nan yaran gareji ke ruɗewa. Cire fulogin ta ɗaya, toshe ramin da babban yatsa, a juya injin da sifana har iska ta ture yatsan, sannan a daidaita alamar taimin, wato lokacin zuwan wuta. Inda rota, wato ɗan hannun da ke juyawa cikin distiributa, ta nuna, nan wayar ta ɗaya za ta zauna a kan hular distiributa, sauran su bi yadda rotar ke juyawa. Fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa, don haka alamar kaɗai ba ta isa shaida ba.

Mai wayarin, Tudun Wada: Oga ya faɗi gaskiya, amma kafin a taɓa taimin a gyara buɗewar kontak, milimita 0.4. In ta yi faɗi wuta za ta zo da wuri, in ta matse ta makara. Sai a haɗa kwan fitila mai volt 12 tsakanin maines ɗin koyil da bodi, a kunna makulli, a sassauta distiributa, a murɗa ta a hankali kishiyar juyin rota. Da zarar kwan ya kama, a ɗaure. Kada a bar makulli a kunne kontak na rufe, koyil zai ƙone.

Direba, Kwangila: A duba cikin hular distiributa ma. Ƙurar hunturu da ɗan tsagu sun isa su karkatar da wuta.

Bakanike, Sabon Gari: In ta tashi, Malam, hau hanyar Funtua da ita ka taka a giya ta huɗu. Ƙwanƙwasa na nufin taimin ya yi gaba, zafi da rashin ƙarfi kuwa ya yi baya. Kontak da ke yawan ƙonewa kuma kondensa ce, ƴan kuɗi kaɗan, a canza su tare.