An sayar da kare an sayi biri? Muhawara kan cinikin ƙasashe masu tasowa

Nazifi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana uku ke nan da na sa dogon rubutu a nan kan cinikin da ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka ke yi a tsakaninsu, ko tari babu wanda ya yi. Jiya kuwa da aka sa hoton sabuwar mota, kafin la'asar "Allah ya sanya alheri" ta fi hamsin. Ba komai. Zan maimaita a gajarce, mai jin haushi ya ji.

Wannan abu da ake ta yi wa kirari, wai haɗin kan ƙasashe masu tasowa, tsugune ce ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kwadibuwa ta fi kowace ƙasa noman kashu, amma yawancinsa ɗanye ake ɗura shi a buhu a loda a Abijan, sai Biyetnam da Indiya su fasa, su gyara, su zuba a 'yar leda mai ƙyalli su sayar wa Turai. Kobalt ɗin Kwango, a Sin ake tace mafi yawansa. Barazil da duk girmanta, waken suya da tama da ɗanyen mai take tura wa Sin, a dawo mata da injina da wayoyi. A 2023 Sin ta sayar wa Afirka kayan kusan dala biliyan 173, ta sayi na biliyan 109, shi ɗin ma galibi mai ne da ma'adinai. To don Allah me ya raba wannan da zamanin da jiragen Liverpool da Marseille ke zuwa kwasar auduga da koko? Tuta ce kawai ta canja. Ƙasashe masu tasowa irin su Sin da Indiya suna yi wa na ƙasa da su abin da Turawa suka yi musu.

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam. Nazifi, tsaya tukuna. "Masu tasowa irin su Sin"? Wace Sin ɗin? Wadda tun 2010 ta ture Japan ta zama ta biyu a duniya? Wadda take da tashar kanta a sararin samaniya, take da layin jirgin ƙasa mai gudu sama da kilomita 40,000? Ƙato da gemunsa har ƙirji, an goya shi a baya ana cewa yaro ne mai tasowa.

Injiniya Kabiru: Barista, da girman kujerarki, amma a nan kin zame. Ba a auna arziƙin gida da girman tukunya, sai an ƙirga bakunan da ke ci. Mutum biliyan 1.4 ne a ƙasar. In an raba, a 2023 kowa bai wuce dala 13,000 a shekara ba, Ba'amurke kuwa ya haura 80,000. Ni na zauna can shekara huɗu. Na je wani ƙauye a lardin Gansu da hunturu, na kwana gidan wata tsohuwa da gadonta na bulo ne, ana cusa karan masara a ƙarƙashinsa a kunna don ya yi ɗumi. Ki je ki ce mata ita 'yar ƙasar da ta ci gaba ce.

Barista Hauwa: Tsohuwar ce ke ba da bashin biliyoyi a Afirka? Gwamnatinta nake magana.

Nazifi: Jama'a, ni fa ba wannan na tambaya ba. Kashu na ce.

Abban Sadiya: Ai ni tun da na ga bidiyon da Chana ta ƙwace filin jirgin saman Yuganda saboda bashi na daina sauraron masu kare su. Mai tasowa ne zai ƙwace wa ɗan'uwansa filin jirgi?

Injiniya Kabiru: Wane bidiyo? Kawo shi.

Abban Sadiya: Wayar da yake ciki ta lalace. Amma kowa ya gani.

Dokta Sa'adatu: Abban Sadiya, wancan labarin ji-ta-ji-ta ne da ya yaɗu a ƙarshen 2021. An ci bashin bankin Exim na Sin don faɗaɗa filin jirgin Entebbe, 'yan majalisar Yuganda sun koka da wasu sharuɗɗan yarjejeniyar, wannan gaskiya ne. Amma ba a ƙwace komai ba, har gobe Yuganda ke riƙe da abinta.

Abban Sadiya: To Siri Lanka fa, Dokta? Ita ma ji-ta-ji-ta ce?

Dokta Sa'adatu: Tashar jiragen ruwa ta Hambantota haya aka bayar a 2017, ta shekara 99, kamfanin China Merchants ya biya dala biliyan 1.12. Kana iya cewa mugun ciniki ne, ni ma ban ga hikimar gina tashar tun farko ba, amma haya daban, ƙwace daban.

Abban Sadiya: Shekara 99! Dokta, wanda ya ba da gidansa haya shekara 99, jikansa ma ba zai kwana ciki ba. Ki kira shi duk sunan da kika ga dama.

Malam Hadi: Kafin a yi nisa. Abban Sadiya, Sin ake cewa, ba Chana ba. Sunan yana bakin malamanmu tun kafin Bature ya zo da nasa, daga Larabci muka samo shi. Mutum yana zagin mulkin mallaka da harshen mai mulkin mallaka.

Abban Sadiya: Allah ya gafarta Malam, in na ce "kayan Sin" wa zai gane ni? Kowa "ɗan Chana" yake cewa.

Malam Hadi: Yawan masu kuskure ba ya mai da shi daidai.

Baba Ilu: Yara, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan kalma ta "masu tasowa" da kuke ta ja a kai ba a kan kuɗi kaɗai aka gina ta ba, tarihi ne. A 1955 ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka taru a Bandung ta Indunusiya, Sukarno ne mai masauki, Nehru yana nan, Nasser yana nan, Zhou Enlai yana nan. Duk mutanen da suka sha wuya a hannun Turawa ne. Da Kaunda na Zambiya da Nyerere na Tanzaniya suka so layin dogo don tagullar Zambiya ta samu hanyar teku ba tare da ta bi ta Rodeshiya ta Ian Smith (Zimbabwe ta yau) ba, sun buga ƙofar Bankin Duniya da ta Turawa, aka ce musu ba riba. Sin ce, a lokacin da ita kanta take fama da talauci, ta ba da bashin da ba ruwa, ta turo dubban ma'aikata, daga 1970 zuwa 1975 aka shimfiɗa TAZARA, kilomita 1,860 daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi. Mutanensu da dama can aka binne su. Mu da muka ji wannan a rediyo muna samari, ba za a zo yau a ce mana duk ɗaya suke da Bature ba.

Barista Hauwa: Baba, Allah ya ƙara girma, ba na jayayya da tarihi. Amma Sin ta Mao ba ita ce ta yau ba. Kuma ai an biya ladan: a 1971 da ƙuri'un Afirka ta samu kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba mu da bashin kowa a kai. Abin da nake cewa shi ne, a Hukumar Ciniki ta Duniya babu ma'aunin da ke tantance mai tasowa, kowace ƙasa ita ke laƙaba wa kanta. Sin ta shiga a 2001 ta ce ni mai tasowa ce, shi ke nan. Shi ya sa a Maris 2023 majalisar wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'a 415 ba ko ɗaya da ya ƙi, cewa a nemi cire mata wannan suna.

Injiniya Kabiru: Af! Ashe daga Washington aka ba ki fatawar. Biri ya yi kama da mutum.

Barista Hauwa: Injiniya, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wa ya biya maka kuɗin karatun shekara huɗun nan?

Injiniya Kabiru: Jarabawa na ci aka ba ni tallafi, ban roƙi kowa ba. Ke da kika yi digiri na biyu a Ingila, mu ce Sarauniya ce ta aiko ki zauren nan?

Barista Hauwa: Mahaifina ne ya biya, ka tambaya.

Shugaban zaure: A bar taɓa mutuncin juna don Allah. Gargaɗi na farko, Barista.

Barista Hauwa: Ni kaɗai? Shi da ya fara fa, Alhaji?

Dokta Sa'adatu: Bari in ɗan koma kan maganar Nazifi, don an bar shi tsaye a rana. Ƙanena, akwai gaskiya a zancenka, amma ka yi wa abin kuɗin goro. A 2001 maganin ƙanjamau na haɗin kala uku ya fi dala 10,000 ga mutum ɗaya a shekara a hannun kamfanonin Yamma. Kamfanin Cipla na Indiya ya fito ya ce zai bayar a dala 350, ƙasa da dala ɗaya a rana. Duk wanda ya yi aikin asibiti a shekarun nan ya san bambancin: majinyacin da aka shigo da shi a kwance, ƙashi da fata, bayan wata shida ya dawo karɓar magani da ƙafarsa yana tsokanar ma'aikata. Wannan ma ciniki ne tsakanin nahiyoyi. Sannan ka dubi Indunusiya. Daga Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen nikel, ta ce mai so ya zo ya kafa masana'anta a gida. Kamfanonin Sin suka zo da kuɗinsu suka cika Morowali a tsibirin Sulawesi da matatu. Tarayyar Turai ce ma ta kai ta ƙara Hukumar Ciniki, aka yanke hukunci a 2022 cewa Indunusiya ba ta da gaskiya, ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da abinta. Akwai kuka kan gurɓata teku da haɗurran ma'aikata a can, ban ɓoye ba. Amma mai saye ɗaya ne, a wani wuri ya kwashi ɗanye, a wani wuri aka sa shi gina matata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nazifi: Yawwa Anti Dokta, irin wannan nake nema. Amma ba Sin kaɗai nake nufi ba. Kamfanin Vale na Barazil ya je haƙar kwal a Moatize ta Mozambik, aka tashi ɗaruruwan iyalai aka kai su Cateme, har a 2012 suka fito suka tare layin dogo saboda gidajen da aka gina musu suna tsagewa kuma gonakin ba su da kyau. Ƙarshe Vale ya sayar wa kamfanin Vulcan na Indiya a dala miliyan 270 ya kama gabansa. Daga ɗan'uwa zuwa ɗan'uwa, mai ƙasa yana kallo.

Abban Sadiya: To ita Barazil ɗin mai tasowa ce? Ƙasar da ke ƙera jirgin sama?

Nazifi: Innalillahi. An sake komawa.

Injiniya Kabiru: Kamfanin ƙera jirgin sama ɗaya, Embraer, ba ya sa ƙasa ta ci gaba. Amma tunda Barista na son hujja, a Satumban 2025 firaminista Li Qiang ya sanar cewa Sin ba za ta ƙara neman sabon rangwame na masu tasowa a tattaunawar Hukumar Ciniki ba. Da kanta ta bari, ba Amurka ta ƙwace ba. Kuma ta ce har yanzu ita mai tasowa ce.

Barista Hauwa: Na gode da ka kawo mini hujjata da hannunka. Wanda ya ce ya daina karɓar rabon yara, ai ya yarda ya girma.

Injiniya Kabiru: Babban wa ne ya bar wa ƙannensa rabonsa, bai fita daga gidan ba.

Barista Hauwa: Babban wan da ke ba ƙanne bashi da ruwa.

Malam Hadi: Ni dai "masu tasowa" ɗin ma ban yarda da ita ba. Tasowa ta yaro ce, yana nufin wata rana zai kai. Wasu ƙasashen shekara sittin ana ce musu masu tasowa, haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Wanda ya fara fassara kalmar ya yi mana kara ne kawai.

Baba Ilu: Hadi, a zamaninmu "ƙasashe 'yan ba-ruwanmu" muke ji, ta fi daɗi a baki.

Malam Hadi: Wannan kuma wata ƙungiya ce daban, Baba, ta Belgrade 1961.

Baba Ilu: Na sani, yaro. Ina raye aka yi ta.

Shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Alhamdu lillahi an amfana. Abin da ya fito fili shi ne, kamar yadda Injiniya ya kawo da alƙaluma kuma ya gani da idonsa, Sin ƙasa ce mai tasowa, kuma Baba Ilu ya tabbatar mana da tarihi cewa ta tsaya wa Afirka lokacin da Turawa suka juya baya. Dokta ta wanke ta daga ƙaryar ƙwace filin jirgi da tashar ruwa, ta kuma nuna alherin da ta kai Indunusiya. Masu ɗauko ra'ayin majalisar Amurka an saurare su. Shi kuma Nazifi, muna fatan ya gamsu cewa ciniki da 'yan'uwa ya fi ciniki da bare. Ni kaina na je Guangzhou sau shida ban ga abin ƙi ba. A rufe wannan babin.

Dokta Sa'adatu: Alhaji, ban wanke kowa ba. Na ce mugun ciniki ne, na kuma ambaci gurɓata teku. A karanta abin da na rubuta.

Barista Hauwa: Sau shida. Yanzu na gane gargaɗin farko.

Nazifi: Ranka ya daɗe, ban gamsu ba, kuma har yanzu ba wanda ya ce mini komai kan kashu.

Shugaban zaure: Na ce an rufe.

Abban Sadiya: Na samo bidiyon a wayar madam. Ashe na Zambiya ne, ba Yuganda ba. Ga shi nan tafe, intanet ɗin ne ke ja.