Kuɗin haya ya fi ƙarfinmu a Dutsin-Ma: me ya kamata mu nema, kuma a wurin wa?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Dutsin-Ma, kuma shekara tara ke nan ina zaune da iyalina a gidan haya. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta zuwa, masu gidaje suka lura cewa ɗaki mai bayi a ciki, wanda ɗalibai biyu ko uku za su haɗa kuɗi su biya na shekara a lokaci guda, ya fi kawo riba a kan sashen gidan da magidanci ke biya kaɗan-kaɗan. Bayan haka sai ga 'yan uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a yankunan Safana, Batsari da Ɗanmusa, su ma suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Bara mai gidana ya kusa ninka mini kuɗi, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa akwai masu jira.

Mu magidantan unguwa mun fara zama bayan sallar isha'i domin mu yi magana da murya ɗaya, amma ra'ayinmu ya rabu. Wasu suna ganin mu nemi hukuma ta ƙayyade kuɗin haya, wasu kuma suna cewa fili ya kamata mu nema. Ina roƙon masana su ba mu shawara a kan buƙatar da ta fi dacewa, da kuma ƙofar da ya kamata mu fara ƙwanƙwasawa.

Tsohon Ma'aikacin Ƙasa da Safiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ku ajiye batun ƙayyade kuɗin haya a gefe. Dokar haya majalisar dokokin jiha ce ke yin ta, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da hurumin yanka wa mai gida farashi. Ko a inda aka yi dokar ma, ba ta cika aiki ba. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana a karɓi kuɗin fiye da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, amma muddin masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, ɗan hayar da kansa ne zai miƙa kuɗin a ɓoye domin kada wani ya riga shi.

Fili shi ne abin nema, sai dai ku fara sanin wanda ke riƙe da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Shi ke da ikon ayyana wani yanki a matsayin birni, kuma duk filin da ke cikin wannan yanki shi kaɗai ke ba da takardar mallakarsa, ƙaramar hukuma kuwa ikonta ya tsaya ne a kan filayen karkara. Saboda haka kafin ku rubuta ko da layi ɗaya, ku je ofishin ƙasa ku tambayi inda iyakar ta tsaya, don kada ku shekara kuna zarya a sakatariya alhali takardarku ma'aikatar ƙasa da ke Katsina ya kamata ta nufa.

Idan kun tashi rubutu, kada ku ce kawai a tausaya muku. Ku yi rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai, ku haɗa sunayen mambobi da sana'ar kowa da yawan iyalinsa, sannan ku nemi a yanka muku awon gwamnati mai ƙananan fulotai, da hanya da magudanar ruwa, a wurin da ba shi da nisa da kasuwa da makaranta. Wannan sharaɗi na ƙarshe na fi jaddadawa. Gwamnatin Shehu Shagari ta ƙuduri gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, amma da yawa daga cikinsu an kai su bayan gari inda babu ruwa babu abin hawa, suka daɗe babu kowa a ciki. Ku kuma nemi a rubuta a takardar rabo cewa ba a sayar da fuloti sai bayan wasu shekaru. Na ga awon da aka yanka da sunan talakawa, kafin damina biyu duk takardun sun koma aljihun masu kuɗi, kuma wasu daga cikin masu sayarwar su ne waɗanda suka fi kowa ɗaga murya lokacin nema.

Mai Gidan Haya ya amsa:

Malam, ni ina cikin waɗanda ake kuka da su, don haka ku ba ni dama in faɗi nawa uzurin. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma kwano da rodi da katako duk sun bi sahu. Wanda ya gina gida da irin wannan tsada ba zai iya ba da shi haya a farashin da ba. Ban musa cewa akwai masu haɗama a cikinmu ba, musamman masu tsofaffin gidajen da ko fenti ba su sake ba amma suka ƙara kuɗi don sun ga maƙwabci ya ƙara.

Abin da nake ganin an manta shi ne, ɗalibai ne ke gogayya da ku a kan ɗaki. Da za ku haɗa kai da ƙungiyar ɗalibai ku nemi a ƙara ɗakunan kwana a cikin makarantu, ko da ta hanyar barin 'yan kasuwa su gina su ci moriya na wasu shekaru kafin su miƙa, da ɗaruruwan ɗakuna sun dawo hannun magidanta, kuma mu da kanmu za mu sauko da farashi ba tare da an tilasta mana ba. Sannan idan kun samu filin, kada ku raina tubali da jan birki. Ginin ƙasa mai kyakkyawan tushe na dutse da siminti da rufi mai fitowa waje yana daɗewa, kuma ya fi bulo sanyi a watan Afrilu.

Malama Mai Adashi ta amsa:

Ina gaishe da Baba tsohon ma'aikaci, Allah ya ƙara girma, amma akwai inda zan ɗan saɓa masa. Neman fili tafiya ce ta shekaru, alhali wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar wa'adin wata ɗaya aka ba ta. Ya kamata zaman naku ya fara da abin da mai unguwa da dagaci za su iya tsaya muku a kai tun yanzu: a riƙa rubuta yarjejeniyar haya a gaban shaidu, a ba da isasshen wa'adi kafin ƙarin kuɗi ko tashi, a yarda magidanci ya biya kashi biyu ko uku a shekara, kuma dillali ya karɓi la'adarsa sau ɗaya, ba duk lokacin da aka sabunta haya ba. Wannan ba doka ba ce, amma mai gidan da ya amince a gaban hakimi da limamin Juma'a zai ji nauyin warwarewa.

Game da kuɗin gini, ku ma'aikata kuna da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari har zuwa shekara 30. Sai dai ana neman takardar mallaka, wadda mai filin awon igiya ba shi da ita, kuma mutanenmu da yawa ba za su taɓa rance mai ruwa ba ko da an sauƙaƙa shi. Shi ya sa nake ganin adashin kayan gini ya fi kusa da mu, inda mai kwasa zai karɓi bulo ko kwano maimakon tsabar kuɗi. Ku kuma tunatar da masu hali cewa waƙafi bai tsaya ga masallaci da rijiya ba, ana iya yin sa da gidan da marayu da zawarawa za su zauna. Roƙona ɗaya shi ne ku sa mata a kwamitinku, domin zaman bayan isha'i ba ya kai wa gare mu.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa 'yan uwa amsoshin nan a zaman jiya. Mun tsayar da cewa mutum uku za su je wurin mai unguwa ranar Asabar da batun yarjejeniya da la'adar dillalai, ni kuma zan je ofishin ƙasa in tambayi iyakar birni. Mun mayar da zaman zuwa bayan la'asar saboda mata su samu halarta. Baba, ko za ka taimaka mana da bayanin takardun da ake nema wajen rajistar ƙungiyar gama-kai?