Jirgi ya yi hatsari, manhaja fa me ta yi? Neman Hausar "crash"

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, amma sai na ba ku labari kafin ku ga inda ta maƙale mini.

Ina koyon tuƙin jirgin sama a kwamfuta da Microsoft Flight Simulator, na 2020. Burina dai kwalejin matuƙa ta Zariya, to kafin Allah ya kawo kuɗin, daga cikin ɗakina nake tashi filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato in sauka Kano. Kwamfutar tebur ce, RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe abin da take aiki a kai, giga 16, guda biyu masu takwas-takwas. Da na samu ɗan canji sai na ƙaro wasu biyu ta koma 32, don masu manhajar sun ce 8 ne mafi ƙaranci, 16 ya wadatar, 32 kuwa shi ne a miƙe ƙafa. Tun ranar ban sake ganin Kano ba. Ina cikin tafiya, wani lokacin ko Gusau ban kai ba, sai manhajar ta ɓace ɓat, in tsinci kaina a fuskar Windows. Ko sallama babu.

Na kira wani mai gyara a waya na ce masa jirgina sai faɗuwa yake yi. Ya ce to in je in koyi tuƙi mana, shi ina ruwansa? Kun ga inda gizo ke saƙar. Bature kalma ɗaya gare shi, crash, ko jirgi ne ya daki ƙasa, ko manhaja ce ta rufe kanta ba shiri, kuma a wannan manhajar duka biyun suna faruwa. Na jirgi muna da hatsari. Na manhaja fa? Ƙannena nake rubuta wa bayani da Hausa, ba na son in sa "ta yi kirash".

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kalma aikin malamai na, ni bari in taɓa inda nis sani. RAM ɗin da kaƙ ƙara, kamfani guda na da na farko? Gudunsu guda na? In ba haka ba, ga ɓarawonka nan. Kai ko lambarsu guda ta, in ba cikin kwali guda anka sayar da su ba, ba dole na su jitu ba. Sannan ka shiga BIOS, wato shahin saitin kwamfuta da ake shiga kahin Windows ta tashi, ka duba ko XMP, saitin ƙara ma RAM gudu, na kunne. RAM irin DDR4 in anka bar shi yadda yaz zo, 2133 ko 2400 shi ka gudu, XMP shi ka tura shi 3200. Guda biyu na iya ɗaukar wanga gudu lahiya lau, a sa huɗu furosesa, wato injin lissahin kwamfuta, ta kasa riƙe su. Kashe shi ka gwada. Mu dai a shago "ta ɗauke" mukan ce.

Na Arkilla:
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Mota, rediyo, kwamfuta, duk aro ne, ba wanda ya mutu. A rubuta kirash a wuce wurin.

Baba Malam na Kanwuri:
Yaro na Arkilla, aro ba laifi ba ne, Hausa ta daɗe tana yi. Amma ka lura da abin da muke arowa. Sunan sabon abu mukan karɓa yadda ya zo, domin da shi ya shigo kasuwa. Abin da ke samun abin kuwa, da bakinmu muke faɗa: mota ta mutu, batir ya sauka, waya ta ɗauki zafi, rediyo ya shaƙe. Ba mu taɓa rasa aikatau ba. Na biyu, in ka aro kirash ka aro har da ruɗanin da ke cikinta, wanda shi ne ya sa mai gyara ya tura ɗanmu koyon tuƙi. Wa ke aron riga da ƙwarƙwatarta?

Ko a sunayen ma ba kullum muke aro ba. Jirgi na kan ruwa kakanninmu suka sani, da na dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo aka ce jirgin sama. Linzami na doki ne, yau ga shi a hannun mai kwamfuta. Manhaja a makaranta muka san ta, tsarin abin da za a koyar, yanzu gidajen rediyo sun ba ta sabon aiki kuma ta zauna daram.

"Ta ɗauke" ta Mai Gyara tana da daɗin faɗa, sai dai a garin nan ka ce kwamfuta ta ɗauke, abin da za a fara tambayarka shi ne ko an kawo wuta unguwarku. Ɗana na Mabera, amsa mini biyu. In ta ɓace ka sake kunna ta, tana tashi? In ta tashi, tana tuna inda kuka tsaya?

Ɗan Mabera:
Allah ya gafarta Malam, tana tashi garau kamar ba abin da ya faru. Amma ba ta tuna komai, sai in koma Sakkwato in sake tada inji daga farko.

Ɗalibin Dundaye:
Rushewa fa, Malam? Ko durƙushewa?

Baba Malam na Kanwuri:
Abin da ya rushe sai magini. Wanda ya durƙushe kuwa a hankali ya kai ƙasa, kamar kasuwancin da jari ya ƙare masa, wannan kuwa farat ɗaya ne. Kafin wani ya kawo tuntuɓe, mai tuntuɓe ci gaba yake yi da tafiyarsa. Mutuwa ma na auna ta, tunda mota kan mutu a tura ta ta tashi, amma ka ce wa mutum kwamfutarsa ta mutu ka ga yadda zai dafe ƙirji.

Na Arkilla:
To daskarewa.

Mai Gyara:
A'a, wannan daban ta. Daskarewa ita ta abin da yara ka ce ma hukin: hoto na nan tsaye, linzami ba ya motsi, amma manhaja ba ta tahi ko'ina ba. In mutum yaz zo shago yac ce min ta daskare, zafi da fanka nika fara dubawa, balle watan Afrilu da garinga ka wuce digiri 40. In yac ce ta rufe kanta, RAM da direban katin hoto, wato 'yar manhajar da ka tahi da na'urar hidda hoto, nika nufa. Don Allah kar ku gama min su, ku bar kowace da sunanta.

Anti Nas ta Runjin Sambo:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba kwamfuta na sani ba, aikin jinya nake yi. Amma amsar da yaron nan ya ba Baba Malam, wallahi kamar a ɗakin karɓar marasa lafiya nake jin ta. Mutum na tsaye yana harkarsa, sai ya zube ba gargaɗi. Bai mutu ba. An jima kaɗan ya buɗe ido ya tashi, ka tambaye shi me ya faru ya ce bai sani ba. In ba a gano sanadin ba kuma, gobe ya sake. Suma ke nan. Mu a wurinmu yawanci jini ne bai isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba na ɗan lokaci. Ku kuma na ji kuna cewa wurin da take riƙe abin da take aiki a kai ne ya samu tangarɗa. Me zai hana a ce manhaja ta suma?

Na Arkilla:
Anti, suma kuma? Sai a kai ta wurin wanzami ke nan.

Anti Nas ta Runjin Sambo:
Kai dai Allah ya shirye ka.

Baba Malam na Kanwuri:
Barkwancin nasa yana da amfani, ya nuna mana inda ramin yake. Kada a ce "ta yi suma", nan ne gashi zai shigo. A yi amfani da aikatau kai tsaye: ta suma, ko ta sume, tana sumewa. Ba wanda zai ji "manhajar ta sume sau uku yau" ya tuna aski.

Hajiya, Allah ya yi miki albarka, kalmar nan ta shige ni. Abin da ya fi burge ni ba ita kaɗai ta zo ba, da 'yan rakiyarta ta zo. Wanda ya suma farfaɗowa yake yi, ga kalmar sake tashinta mun samu kyauta. Ana yayyafa masa ruwa, ana neman abin da ya sumar da shi, ga "sumar da" a hannu: sabon RAM ya sumar da manhaja. Kalmar da aka ƙera a ofis ba ta zuwa da dangi haka, shi ya sa takan mutu a takarda. Wannan kuwa ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin kwamfuta ba ta ji, ta san abin bai lalace ba, ta kuma san ba lafiya ba.

Ɗalibin Dundaye:
Malam, to wadda ke yi kullum-kullum irin ta ɗan Mabera, sai mu ce tana farfaɗiya?

Anti Nas ta Runjin Sambo:
Wannan kam ban yarda ba, ƙanena. Masu wannan lalura suna shan tsangwama isasshiya, har yau akwai masu gudun taɓa su wai ana ɗauka, alhali ba a ɗauka. Kada mu mai da ciwonsu abin zolayar na'ura. "Yawan sumewa" ya isa.

Mai Gyara:
Na karɓi suma. Amma hwa iri uku ta a wurinmu. Akwai wadda manhaja kaɗai ka tahiya, Windows na nan, irin ta yaronga. Akwai wadda kwamfuta dut ka zubewa, shuɗin allo ya fito, wani lokaci da rubutun MEMORY_MANAGEMENT, ta sake tashi da kanta. Akwai kuma wadda ka sa sabon RAM, ka kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, ko BIOS ba ka gani.

Anti Nas ta Runjin Sambo:
Ta ukun nan ai doguwar suma ce. Da rai, ana numfashi, ba a farka ba.

Mai Gyara:
Madalla! Maganinta kuwa sau da yawa a zare wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke bisa madabod, wato babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke maƙale a kai, a jira kaɗan a mai da shi, BIOS ya mance saitin da yas shaƙe shi. Na farko a ce manhaja ta suma, na biyu kwamfuta ta suma, shi ke nan.

Ƙanena na Mabera, ga aikinka. Sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filash ka tada kwamfuta da shi, ka bar shi ya yi zagaye huɗu, ko da zai kwana. Kuskure ko guda ɗaya yaf fito, akwai magana. Sai ka gwada su ɗaya-ɗaya. In biyu za ka bari, yawancin madabod gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa suka so, duba littafin taka. Ka hure ƙurar gurabun, ƙurar hunturunmu ba ta da imani, ka danna kowane sai ka ji ƙas. Buɗe Event Viewer kuma, wurin da Windows ka rubuta kurakurai, in kag ga 0xc0000005, manhaja ta kai hannu wurin da ba a ba ta izini ba cikin RAM, shi na Windows tak kore ta. Wagga lamba ba RAM kaɗai ka kawo ta ba, don haka kwashe abin da kaz zuba cikin jakar Community, inda ake zuba kayan ƙari na manhajar jirgin, ka gwada babu su. Kar ka ce ai sauran manhajoji lahiya suke. Kallon bidiyo ba ya cika RAM, jirginka kuwa gari da gajimare da hanyoyi shi ka lodawa har ya taka inda ciwon yake.

Na Arkilla:
Ni fa har yanzu a baki kirash zan ce. Amma in rubutu ne, to, na bi.

Baba Malam na Kanwuri:
Bakinka naka ne. Ɗana na Mabera, rubuta wa ƙannenka haka: hatsari na jirgi, sumewa ta manhaja, daskarewa in hoto ya tsaya cik, doguwar suma in an kunna ba ta farka ba. RAM ɗin kansa mu bar shi sai wani zama, don na ga wasu na ce masa ƙwaƙwalwa wasu ma'adana, kuma duka biyun ina da ja.

Ɗan Mabera:
Na dawo da rahoto, na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Kowane RAM shi kaɗai ya wuce gwaji lafiya. Da na haɗa huɗun a 3200, tun zagayen farko kurakurai suka fara fitowa ja-ja-wur. Na shiga BIOS na sauke gudun zuwa 2666, na bar shi ya kwana, da asuba ba kuskure ko ɗaya. Yaya Mai Gyara, ashe ba lalatacce a cikinsu, jituwa ce ba su yi ba a wancan gudun.

A littafin ƙannena na rubuta: "In manhaja ta fara sumewa bayan ka ƙara RAM, fara kashe XMP." Ƙaramin ya karanta bai tambaye ni ma'ana ba, tambayarsa ɗaya, wai ruwan da ake yayyafa mata na randa ne ko na leda.

Jiya bayan isha'i na tashi Sakkwato, na wuce Gusau, na hango fitilun Kano, ba ta suma ba ko sau ɗaya. Wurin sauka ne na manta ban sauke tayoyi ba. Baba Malam, wannan dai hatsari ne, ko?