Keke a jirgin ƙasa, sai tsibirai: wa ya taɓa yi?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya ce in na je ganinsa da hutu, za mu sa kekuna a jirgin ƙasa mu je zaga tsibirai. Keke kam na iya, tun ina yaro nake taka shi zuwa Mirriya. Jirgin ƙasa ne ban taɓa shiga ba, tunda mu nan Damagaram ba mu da dogo. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku ba mu labari.

'Yar Zango: Wa alaikumus salam Yaya. Ni tsibirin Re na je, kusa da La Roshel. A ƙananan jiragen cikin yanki da ake kira TER akwai ƙugiya, sai ka ɗaga keken ka rataye shi ta ƙafar gaba. Ka fara sauke jakunkuna, in ba haka ba nauyi zai rinjaye ka, mutane kuma na bayanka suna jira. TGV kuwa, wato babban jirgi mai tsananin gudu, sai an kama wa keken wuri tun wajen sayen tike. Gadar da ke shiga tsibirin ta kusa kilomita 3, tun 1988 aka buɗe ta. Mota na biya, mai keke ba ya biyan ko dala. Iskar teku a saman gadar nan ce ta fi ba ni wuya, tana turo ka gefe kamar ta hunturu. Da ka sauka kuma shi ke nan, ƙasa shimfiɗe, hanyar keke daban, kana ratsa fadamun da ake shanya ruwan teku a kwashi gishiri. Na daɗe tsaye ina kallon masu jan sa da dogon katako, mutanen Bilma suka faɗo mini a rai.

Malamin Sabon Gari: Ni a Japan na yi, lokacin wani horo. Can ba a shiga jirgi da keke tsirara, sai ka cire ƙafa ka zuba shi cikin jaka. Shi ya sa muka je Onomici hannu rabbana, muka yi haya a can, muka mayar a Imabari. Hanyar Shimanami ke nan, wajen kilomita 70, tsibirai 6. An ja shuɗin layi a gefen kwalta, shi kawai za ka bi. Hawa kowace gada da gumi ne.

Ɗan Garin Malam: Mu kuma a Danmak muka yi, can an hana keke a babbar gadar da ta haɗa tsibirin Kwapanhagan da na Fiyun. Dole muka shiga jirgi a Korsor muka sauka Nibog, keken ma da nasa tike.

Ɗan Birni: Allah ya saka. Ƙanwata, Re za mu, in sha Allah. Yau zan ce wa yaron ya kama wa kekunan wuri kafin ya biya namu.