Keken Baba ne ko tsufa? Muhawara a zauren iyali

Yaya Babba: Salamu alaikum. Ni dai zan faɗi abin da ke raina. Tun da muka karɓe keken Baba bara aka koma kai shi a mota, mantuwa ta kama shi. Mutumin da kullum sai ya taka daga Ƙofar Sauri zuwa gona, yanzu daga ɗaki sai dakali. Jiya ya tada gida neman tazbaharsa, tana kuwa cikin aljihunsa. Mu muka jawo.

Kawu: Wa alaikumus salam. Haba ɗana, mutum ya haura saba'in ka ce keke? Tsufa ne, kowa ya kai zai gani. Ka manta mi ya sa aka karɓe? Saura ƙiris mai Keke Napep ya kwashe shi a Ƙofar Ƙaura.

Auta: Kawu, Allah ya ƙara girma, maganar Yaya tana da tushe. A 2016 masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka sun sa gogaggun 'yan gudu masu shekara 50 zuwa 80 su daina motsa jiki na kwana 10 kacal. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, jinin da ke kaiwa wasu sassa ya ragu, har da sashen da ke adana abin da mutum zai tuna.

Anti: Auta, ki ƙarasa zancen mana. Mutum 12 ne fa, kuma gwajin kawo kalmomi da aka yi musu bai nuna sun ja baya ba. Raguwar jini daban, mantuwa daban. Akwai kuma binciken ma'aikatan gwamnati a Landan da ya fito a 2017, mutum sama da 10,000: waɗanda cutar mantuwa ta kama sun fara rage motsa jiki tun kusan shekara 9 kafin a gano ta. Wato wani lokaci ciwon ne ke zaunar da mutum. Ku tuna, tun keken na hannunsa Baba ya fara fashin zuwa gona.

Yaya Babba: Ciwon gwiwa ne ya sa.

Anti: Haka muka ɗauka.

Auta: To amma Anti, a 2011 an raba tsofaffi 120 gida biyu. Masu tattakin minti 40 sau uku a mako, bayan shekara wancan sashen na ƙwaƙwalwa ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na masu miƙe gaɓoɓi kawai kuwa ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 na motsa jiki take so a mako, ko ga wanda ya wuce shekara 65.

Goggo: Ku da bokonku. Ni da nake kai mashi hura nake ganin abu. Da in ya hita, sai ya tsaya majalisa, ya yi cinikin taki, ya ƙirga kuɗin 'yan ƙwadago da ka, ya yi gardamar siyasa har magariba. Yanzu direba ya sauke shi masallaci ya maido shi. Wa ke hira da shi? Ga rediyonsa sai ya ƙure murya, maƙwabta na ji.

Auta: Goggo kin taɓo babban wuri. Raunin ji, kaɗaici, hawan jini da ciwon suga duk suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mantuwa. Yaushe rabon a auna jininsa?

Kawu: Tun kafin azumi.

Yaya Babba: Duk na ji, amma a maida masa kekensa.

Kawu: Ba da yawuna ba. Titin yanzu ba na da ba ne. In tattaki ne, ga jikokinsa nan zube, ɗaya ya riƙa raka shi majalisa da ƙafa bayan la'asar.

Anti: Litinin zan kai shi asibiti a duba jini da kunne. Yaya, kai ka sanar da shi, ni in na faɗa cewa zai yi lafiyarsa lau.