Neman shawara: hutun hunturu ya zo, sakamakon gwajin ɗalibaina ya hana ni barci

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ni malamin lissafi ne, na yi shekara tara ina koyarwa a wata sakandare a Kaduna kafin Allah ya kawo ni arewacin Ingila, inda na kama aiki a watan Satumba. Cikin azuzuwan da aka ba ni akwai aji na 11, wato waɗanda za su rubuta jarrabawar GCSE, ta kammala sakandare, a watannin Mayu da Yuni. A ƙarshen Nuwamba sun yi jarrabawar gwaji, kuma cikin ɗalibai 28, goma sha ɗaya kaɗai suka kai maki na 4, wanda shi ne ake ɗauka a matsayin cin jarrabawa. Ga wanda bai saba da tsarin ba, a nan 9 ne ƙololuwa, 1 ne ƙasa, saɓanin WAEC inda A1 ke sama F9 ke ƙasa, abin da ya ɗauke ni makonni kafin idona ya saba da shi.

Ranar Juma'a za mu tafi hutun mako biyu. Na riga na haɗa kundin tambayoyi mai shafi 40 da niyyar raba musu, amma shugabar sashenmu ta duba ta ce ba ta hana ni ba, sai dai tana shakkar ko rabinsu za su buɗe shi. Tambayata biyu ce: shin in ba su aikin ko in bar su su huta, sannan ta yaya zan gane ko koyarwata ce ta gaza a wannan zangon? Na gama duk abin da manhaja ta tsara, suna amsawa da kyau a cikin aji, amma da aka zo gwaji sai ka ce ba su taɓa jin darasin ba.

Amsar wata malamar kimiyya, shekara goma sha biyu a Ingila:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka yanke wa kanka hukunci, ka ajiye jimillar makin a gefe, domin lamba ɗaya ba ta faɗin inda ciwon yake. Ka ɗauki takardun lissafi uku da suka rubuta a gwajin, ka zana jadawali, sunayen yara a gefe, lambobin tambayoyi a sama, ka cike abin da kowa ya samu a kowace tambaya. Aikin yini guda ne, kuma shi ne mafi amfanin abin da za ka yi a hutun nan. Za ka ga asarar ta kasu gida-gida. Akwai tambayoyin da ba a koyar da su ba tukuna, waɗannan ba laifin kowa ba ne, tunda gwajin Nuwamba yakan ƙunshi manhajar duka alhali saura wata biyar. Akwai waɗanda aka koyar a aji na 9 da na 10, kafin zuwanka, aka manta. Sannan akwai waɗanda kai ka koyar daga Satumba zuwa yau, su kaɗai ne madubin aikinka.

Ina kuma roƙonka ka kwatanta takardar da ake yi ba tare da kalkuleta ba da sauran biyun. Idan a can suka fi zubar da maki, matsalar tana cikin tushe, wato ninkawa da rabawa da kaso cikin ɗari, kuma shafi 40 na aljebara ba zai taɓa ta ba. Ka lura da tambayoyin da aka bari fayau babu ko ɗigon biro. A gwanintata, yawancinsu tambayoyin da aka zuba cikin labari ne, yaro ya ga layi shida na rubutu ya karaya tun bai karanta ba.

Amsar wani tsohon shugaban makaranta, daga Zariya:

Ɗana, ni ban san Ingila ba, amma na san yaro. Ka ba su aikin. Mu da aka sa mu haddace jadawalin ninkawa har zuwa sha biyu sau sha biyu muna rerawa kowace safiya, ga shi mun tsufa ba mu manta ba. Hannun da ya yi mako biyu bai riƙe biro ba sai ya yi nauyi. Abin da kawai zan ce, kada ka ba da aikin da ba za ka duba ba, domin ranar da yaro ya gane ba a dubawa, ranar ka rasa shi.

Amsar malamar kimiyyar:

Baba, Allah ya ƙara girma, a kan maimaitawa ba ni da ja, kuma ina ganin misalinku ya fi goyon bayan ɗan aiki kullum a kan tulin aiki sau ɗaya. Jadawalin nan bai zauna muku don an ba ku shi a kundi ba, ya zauna ne don kowace safiya ana sa ku fito da shi daga ka. Haka gardi yake yi da tilawa: wanda ya haddace izu bai koma masa ba, bayan wata guda sai ya tarar ya zube. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya auna wannan tun 1885, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 kuma Roediger da Karpicke, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, sun gwada ɗalibai da karatun wani nassi: waɗanda suka yi ta sake karantawa sun fi ƙoƙari bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tuno da ka ne suka yi gaba.

Wannan shi ne bayanin abin da ya ɗaure wa Malam kai. Amsar da yaro ya bayar minti goma bayan an yi misali a allo ba ta nuna ya koya, tana nuna bai riga ya manta ba. Kundin shafi 40 kuwa mun san makomarsa: masu ƙoƙari za su gama shi a kwana biyun farko, wasu za su kwafa a daren komawa, sauran za su ce ya ɓata. Ni da zan ba da shawara, tambaya biyar a rana na kwana takwas, a cakuɗa batutuwa, a haɗa da amsoshin a bayan takarda don yaro ya duba kansa, kuma a ciro tambayoyin daga inda jadawalin makin yaran ya nuna rauni.

Amsar wata uwa, mai 'ya a aji na 11 a wani gari:

Malam, bari in faɗa maka yadda hutun yake daga cikin gida. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, yaran sun fito daga zangon da ya fi kowanne tsawo, kuma ba kai kaɗai ne malaminsu ba. 'Yata ta dawo bara da aiki daga malamai bakwai, kowanne yana ganin nasa ne kaɗai, ta zauna ta yi kuka, ƙarshe ba ta yi ko ɗaya da kyau ba. Wasu cikin ɗalibanka suna renon ƙanne yayin da iyaye ke aikin dare, wasu suna tafiya ganin dangi, wasu ba su da teburin da za su zauna. Idan ka aiko mana da takarda ɗaya mai cewa minti goma sha biyar a rana, ga abin da za a yi, zan iya tsayawa a kai ko da ban iya lissafin ba. Idan ka aiko da kundi, sai dai in yi masa addu'a.

Amsar wani malamin lissafi, wanda ya taɓa riƙe sashe:

Ɗan'uwa, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi za a tambaye ka a Janairu: matakin da kowane yaro zai shiga, domin jarrabawar lissafi mataki biyu gare ta. Ƙaramin mataki yana ba da maki 1 zuwa 5, babban mataki 4 zuwa 9, kuma wanda ya zauna babban mataki ya faɗi ƙasa sosai yana iya fita ba shi da maki ko ɗaya. Ana rufe rajistar jarrabawar bazara ranar 21 ga Fabrairu, saboda haka jadawalin da Malama ta ce ka zana shi ne hujjarka idan aka zauna yanke wannan shawara. Ka duba musamman tambayoyin da matakan biyu suka yi tarayya a kansu. Yaron da ke babban mataki amma yana zubar da waɗannan, a yi maganarsa da gaske, da shi da iyayensa, domin wanda bai samu 4 ba dole ya ci gaba da lissafi ko bayan ya cika shekara 16.

Game da auna kanka, kada ka dogara da yadda kake ji a Disamba, kowane malami a gajiye yake. Ka nemi makin da yaran nan suka samu a ƙarshen aji na 10 ka kwatanta. Sha ɗaya cikin 28 zai iya zama koma baya, zai iya kuma zama ci gaba idan bakwai ne a Yuli. Sannan ka roƙi wani abokin aiki ya zauna a ajinka sau ɗaya ya ƙirga abu guda kawai: yara nawa ne suka amsa tambaya. Mu da muka koyar a gida mun saba da amsar taron dangi, aji ya amsa baki ɗaya mu wuce, alhali murya biyar ce ke ɗauke da sauran. Ƙananan allunan hannu da kowa zai rubuta amsarsa ya ɗaga suna tona wannan cikin minti ɗaya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na cike jadawalin takarda ta farko, kuma abin da na gani ya ba ni kunya ya kuma kwantar mini da hankali. A batutuwan da na koyar a Nuwamba sun samu fiye da rabin maki, a na Satumba kuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, kuma gaskiya tun da na wuce su ban sake komawa ba. Na rage kundin zuwa shafi huɗu. Baba, zan duba shi, ranar farko da muka dawo za su yi gajeren gwaji daga cikin tambayoyin nan. Makin aji na 10 kuma na nema, an ce sai ranar horon malamai kafin yara su dawo. Saura yara uku da ke babban mataki waɗanda suka samu ƙasa da maki 15 cikin 80, kuma mahaifin ɗaya daga cikinsu ya riga ya gaya mini a taron iyaye cewa ɗansa likita zai zama.